Gurbi 71: Neman Tsofaffin Nikel a Naɗin Banki

13 Janairu, 2024

Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa sanin inda aka kwana. Abin da na sa a gaba shi ne haɗa kowane nikel mai hoton Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da aka buga daga 1938 zuwa 1964, kowace shekara da kowane gidan buga kuɗi, ba tare da na sayi ko ɗaya a hannun dillali ba. In aka lissafa na Filadelfiya da na Denba da na San Faransisko, gurbi 71 ke nan. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: duk wanda zai shiga gurbi sai ya zo hannuna a kan senti biyar ɗinsa, ko daga naɗin banki ko daga canjin kanti.

Ga waɗanda ba su zauna Amurka ba, nikel shi ne sulen senti biyar. Nauyinsa giram 5, kashi 75 cikin ɗari jan ƙarfe, sauran 25 ƙarfen nikel. Banki kan naɗe guda 40 cikin takarda ɗaya, dala 2 ke nan. Naɗi 50 su ne kwali guda: dala 100, sulalla 2,000, kilo 10 cif. Sai ka je bankin da kake da asusu, ka miƙa dala 100, ka rungumo kwalinka, ka zauna ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka so ka ware, sauran ka mayar. Aiki ne irin na tsintar tsakuwa cikin shinkafa, sai dai a nan tsakuwar ake so.

Ana yawan tambayata me ya hana ni neman na senti 10 ko na senti 25, tunda su ne aka taɓa yi da azurfa. Ai dalilin ke nan ma. A 1965 gwamnati ta cire azurfa daga cikinsu, kowa ya gane tsoho ya fi sabo daraja, aka bi su aka tsince aka ɓoye. Yau sai ka gama kwali guda ba ka ga ko ɗaya ba. Shi kuwa nikel, haɗin ƙarfensa bai canza ba tun 1866 in ban da shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, kuma hoton gaba da na baya sun zauna yadda suke daga 1938 har 2003. Na 1940 da na 1990 duk ɗaya ne a idon mai kanti. Ba wanda ya ga dalilin janye shi, shi ya sa har yau sulen da ya girmi mahaifina yake yawo a aljihun mutane. Wannan ne abin da ya kama zuciyata. Mu da muka taso inda kwabo mai huji da sisi da taro suka ɓace daga hannu, kuma kwabon da ya gaje su a 1973 shi ma ya bi bayansu, ba ƙaramin abin mamaki ba ne a gare mu a miƙo maka canji da kuɗin da aka buga kafin Yaƙin Duniya na Biyu.

3 Fabrairu

Kayan aiki sun kammala: tsohon tawul da nake shimfiɗa wa tebur don kada sulalla su riƙa gangarawa, fitila mai haske sosai, gilashin ƙara girman abu, maganaɗisu, ƙaramin sikeli, da littafin kwali mai ramuka wanda aka rubuta shekara a ƙarƙashin kowane rami. Hannu yana baƙi ƙirin kafin a gama, sai da sabulu da soso.

Ido ya fara sabawa. Shekara nake fara dubawa. In ta nuna 1964 ko ƙasa da haka sai in juya bayansa, in duba gefen dama na hoton ginin da ke wurin, dab da baki. Harafin D na nufin Denba, S San Faransisko, in babu komai Filadelfiya ne. Guraben ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1964 duk sun cika cikin sauƙi, haka ma 1940 da 1941 da 1946 na Filadelfiya.

Wanda ya fi damun ido shi ne 1964. Ko'ina shi ne. Filadelfiya ta buga sama da biliyan 1 masu wannan shekara, Denba kuma kusan biliyan 1.8. A lokacin ƙasar na fama da ƙarancin tsabar kuɗi, hukumomi suka ɗora wa masu tara sulalla laifi, sai majalisa ta ba da izini a ci gaba da buga 1964 ko bayan shekarar ta wuce, don kada wani ya ga dalilin ɓoye shi. Daga 1965 zuwa 1967 ma cire harafin gidan bugun aka yi ɗungurungum. Saboda haka sule ya tsufa, ya goge, ka ji gabanka ya faɗi, ka duba ka tarar 1964 ne.

A nan jihar Ohio na Filadelfiya suka fi yawa, na Denba na biye. Masu S sai an sha wuya, don hanya ce mai nisa daga gaɓar tekun yamma zuwa nan.

24 Fabrairu

Alhamdu lillahi, na farko mai azurfa ya fito: 1943, da ƙaton harafin P a saman ƙubbar ginin. Tun kafin in karanta shekara na gane shi, don launinsa ya fita daban, toka-toka mai duhu da ɗan kore-kore, kuma yana da santsi a yatsa. Na daɗe riƙe da shi.

Tarihinsa shi ne, da Amurka ta shiga yaƙi, ƙarfen nikel ya zama kayan soja, ana buƙatarsa wajen yin sulken tankoki da sauran makamai. Daga Oktoban 1942 zuwa ƙarshen 1945 sai aka cire shi daga sulen baki ɗaya, aka koma kashi 56 jan ƙarfe, 35 azurfa, 9 manganis. An zaɓi wannan haɗi ne don injinan sayar da kaya da wayoyin tarho na kan titi su ci gaba da karɓarsa kamar na da. Aka kuma ɗauke harafin daga gefe aka ƙara masa girma aka ɗora bisa ƙubba, domin a iya ware su bayan yaƙi. A nan ne karon farko da harafin P ya bayyana a kuɗin Amurka. Ba a taɓa kammala ware su ba, ga shaida a tebur ɗina.

Guda 11 ne a jerin: biyu na 1942, sai uku-uku na 1943, 1944 da 1945. Wanda na samu shi ne mafi yawa cikinsu, an buga sama da miliyan 271. Mai wuyar shi ne 1943 na Denba, miliyan 15 da ɗoriya. Shekarar 1942 kuma tana buƙatar natsuwa, domin gurbinta huɗu ne: akwai na Filadelfiya da na Denba da aka buga da tsohon ƙarfe a farkon shekara, akwai P da S masu azurfa daga baya.

9 Maris

Wani dattijo da muke sallar Juma'a tare ya ji labarin abin da nake yi, ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Malam, wannan abin naka ba caca ba ce kuwa?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma na yi tunaninta tun kafin in fara. Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, mai caca yana zuba kuɗi ne bai san ko za su dawo ba. Ni dala 100 nake bayarwa a ba ni dala 100, hannu da hannu, ba ragi ba ƙari. In ban sami komai ba kuɗina na nan yadda suke, kuma ba aljihun kowa aka taɓa ba." Ya gyaɗa kai, ya ce to lokacin fa? Na ce wannan kam gaskiyarsa ce, lokaci shi ne abin da nake kashewa, shi ya sa na keɓe wa aikin daren Juma'a da safiyar Asabar kawai.

Azumi ya ƙarato. Na mayar da abin da ke hannuna, na rufe littafin sai bayan salla.

20 Afrilu

An dawo aiki. Yau ina so in rubuta ɓangaren da masu wannan sha'awa ba su cika faɗa ba, wato mayar da sulalla. Ɗauko kwali abu ne mai daɗi, mayar da kilo 10 na ƙarfe kuwa nauyi ne da kake ɗora wa wani. Ma'aikaciyar da ke bakin kanta ita za ta ɗaga, ta lissafa, ta kai ɗaki, alhali bankin bai ci ko sisi a kanka ba, hasali ma biyan kamfanin motar sulke yake yi kafin a kawo masa kwalin. Wani reshe sun ce mini ba za su ƙara yi mini odar kwali ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu masu irin aikin nan sun riga sun ɓata wa kowa suna, suna zuwa ranar da layi ya fi tsawo su zube buhuna su tsaya suna huci.

Tsarin da na bi shi ne: inda nake ɗauka daban, inda nake mayarwa daban, don kada a sake ba ni abin da na riga na duba. Ina zuwa tsakiyar mako da hantsi, lokacin da babu jama'a. Ina cike kowane naɗi ya zama 40 daidai, in auna shi a sikeli, giram 200 da ɗan nauyin takarda. Injin ƙirga sulalla na manyan kantuna ba na kusantarsa, yana cire fiye da kashi 10 cikin ɗari.

Na kuma koyi bambance naɗi iri biyu. Akwai na inji, wanda kamfani ya matse bakinsa, an gauraya shi daga ko'ina. Akwai na hannu, wanda wani ya naɗe a gida ya kawo. Na hannu ko dai babu komai a ciki saboda wani irina ya riga ya tace shi, ko kuma tulun da wata tsohuwa ta shekara 40 tana jefa canji ne aka fasa. Na roƙi ma'aikatan reshenmu duk sanda irin wannan ya shigo su ajiye mini.

18 Mayu

Farashin azurfa ya haura dala 30 a kan oza ɗaya. Kowane nikel na yaƙi yana ɗauke da giram 1.75 na azurfa, wato a farashin Mayun 2024 azurfar jikinsa ta kai wajen dala 1.70. Ba sayarwa zan yi ba, amma na san tashin farashi zai ƙara masu tsinta, kuma za su ƙara wuya.

Tun ƙarshen 2006 doka ta hana narka nikel da sulen senti ɗaya, domin ƙarfen ya kusa ko ya wuce darajar da ke rubuce. An ware na yaƙi daga hanin. A shekarar kuɗi ta 2023 gwamnati ta kashe fiye da senti 11 wajen buga kowane sulen senti biyar.

An ƙaru da 1945-S, 1947-S da 1952-S.

6 Yuli

'Yata ce ta gano shi. Tana taya ni fasa naɗi sai ta ce, "Abba, wannan saniya ce a bayansa." Ɓauna ce, irin ta dajin Amurka mai tozo, a gaba kuma fuskar ɗan asalin ƙasar da gashin tsuntsu a kai. Wannan shi ne nikel ɗin da ya gabaci na Jefferson, aikin mai sassaƙa James Earle Fraser, an buga shi daga 1913 zuwa 1938. Ba ya cikin gurabena 71, amma a ganina ba a taɓa yin sule mai kyansa a ƙasar nan ba.

Shekararsa ta goge sarai. Wannan ciwo ne da aka haife shi da shi: an ɗora lambobin a kan kafaɗar mutumin, wurin da ya fi tudu, inda yatsa da aljihu suka fi shafa. Tun a 1913 aka lura rubutun FIVE CENTS na baya yana saurin gogewa, aka gyara wurin aka nutsar da shi, amma shekarar aka bar ta a tudu.

Akwai wani ruwan asid da ake sayarwa, a ɗiga a kafaɗar, lambobin su sake fitowa dishi-dishi, saboda matsuwar ƙarfen da ke ƙarƙashinsu lokacin bugu ta bambanta da ta kewayensu. Na san masu yi, hujjarsu ita ce sulen da ba shekara ba shi da wata daraja, gara a san ko shi wane ne. Ni ban yarda ba. Asid ɗin yana barin tabo da ba ya fita har abada, kuma gogewar nan ita ce shaidar hannayen da ya ratsa cikin shekara kusan 90 ko fiye. Abin da zan iya karantawa ba tare da na ƙona shi ba ya ishe ni: ƙasan da ɓaunar ke tsaye a kai shimfiɗaɗɗe ne, saboda haka ba na farkon 1913 ba ne, kuma akwai inuwar harafin D a ƙasan rubutun baya. Na ba yarinyar, ta sa shi a 'yar ambulan ta rubuta ranar da kanta.

10 Agusta

Makonni ba sabon gurbi. Kwali biyu a jere sababbi fil ne, shekara ɗaya daga farko har ƙarshe, ko buɗe sauran naɗin ban yi ba.

Maganaɗisu dai yana kamo na Kanada jefi-jefi. Nasu na 1955 zuwa 1981 zallar nikel ne, shi ya sa suke mannewa, namu kuwa ba ya mannewa. Ɗaya na 1960 mai kusurwa 12 ya fito. Ina cire su in musanya da na Amurka kafin in mayar, ba daidai ba ne in tura wa banki kuɗin wata ƙasa.

21 Satumba

Ma'aikaciyar reshenmu ta kira ni, wani ya kawo naɗin hannu na iyayensa da suka rasu. Takardun sun yi ruwan ƙasa, wasu har sun fara yagewa. Ban ga ko ɗaya da ya wuce 1970 a ciki ba. A zama ɗaya na cike 1939-S, 1946-S, 1948-S, 1951-S, 1942-S, 1944-D da 1955 na Filadelfiya. Uku daga cikinsu suna cikin masu wuya: 1939-S an buga miliyan 6.6, 1951-S da 1955 kuwa kowanne bai kai miliyan 9 ba. Na yi wa masu tulun fatan alheri a raina, ko su wane ne. Na kai wa ma'aikatan reshen kwalin cincin da uwargida ta soya.

Wani 1941 a cikinsu bai sha hannu ba, har ana iya ƙirga matakalar ƙofar ginin a gilashi. Masu tara sulalla suna biyan kuɗi mai yawa a kan wanda matakala biyar ko shida suka fito rangaɗau, don yawanci bugun ba ya kai wa wurin. Ginin shi ne Monticello, gidan Jefferson a jihar Bajiniya. Wanda ya zana sulen, Felix Schlag, baƙo ne haifaffen Jamus, ya ci gasar da aka shirya a 1938 aka ba shi dala 1,000, amma sai a 1966 aka sa haruffan sunansa a jiki. Duk sanda na ƙura wa matakalar nan ido sai in tuna Jefferson ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa, kuma da guminsu aka gina gidan aka riƙe shi. Su babu harafin sunansu a ko'ina a jikin sulen. Na faɗa wa yarana wannan tun ranar da suka fara tambayar gidan wane ne.

2 Nuwamba

Na je baje kolin masu tara sulalla, don in ga da idona abubuwan da nake nema. Wani tsoho ya nuna mini jabun nan da aka sani da sunan Henning. Francis Henning mutumin New Jersey ne, a tsakiyar shekarun 1950 ya riƙa buga nikel na ƙarya, asirinsa ya tonu saboda ya buga 1944 babu ƙaton harafi a saman ƙubba, alhali duk na gaske na wannan shekara yana da shi. Nasa sun ɗan fi giram 5 nauyi, da yawa kuma suna da ɗan rami a ƙafar harafin R na kalmar PLURIBUS da ke rubuce a bayan sulen. Daga yau zan riƙa auna duk 1939, 1946, 1947 da 1953 da ya yi mini wani iri.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne 1950-D. Shi ne mafi ƙarancin bugu a jerin duka, guda 2,630,030 kacal. Na zaci zan gan shi a akwatin gilashi shi kaɗai. Sai ga shi a kusan kowane tebur, sabo fil yana ƙyalli, dala goma sha wani abu. Abin da ya faru shi ne, tun da wuri labari ya bazu cewa kaɗan ne, dillalai da 'yan kasuwa suka saye naɗi-naɗi suka kulle. Kaso mai yawa bai taɓa shiga aljihun kowa ba. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabo zuwa 1964, daga baya ya faɗo. Shi ya sa a kasuwar dillalai yake a banza, a kwalin banki kuwa kusan babu shi. Na 1939-D kuwa akasin haka ne. An buga 3,514,000, mutane ba su damu ba, aka kashe shi aka goge shi, yau sabonsa ya fi na 1950-D tsada nesa ba kusa ba. Lissafin bugu bai isa ya gaya maka abin da za ka samu ba, sai ka san abin da mutane suka yi da sulen bayan ya fito.

Na ɗauki 1950-D ɗin na juya shi, mai tebur ya ce zai rage mini. Na gode masa na ajiye. In na saya, ramin zai cika, amma sulen da ya kwana shekara 74 a kulle ba shi ne abin da nake nema ba. Wanda nake so shi ne wanda ya tsere wa dillalai, ko wanda magada suka kai banki ba su sani ba, ya bi hannu ya iso. Masu wannan aiki suna samunsa, wasu bayan shekaru. Zan jira.

28 Disamba

Gurbi 63 sun cika. Saura takwas: 1938-D, 1938-S, 1939-D, 1942-D, 1943-D, 1944-S, 1949-S da 1950-D. Babu na Filadelfiya ko ɗaya a ciki, biyar na Denba ne uku na San Faransisko, kuma hakan ya nuna mini inda matsalar take. A gefe guda kuma akwai na 2009, shekarar da tattalin arziki ya karye har bugun ya sauko ƙasa da miliyan 47 a kowane gida. Su ma ba sa fitowa sosai, na fara ajiye duk wanda na gani.

Ƙanena yana tuƙa babbar mota tsakanin nan da jihohin yamma. Mun yi magana, zan ba shi kuɗi ya riƙa karɓo mini naɗin hannu a rassan bankinsa na ƙananan garuruwan Kolorado da Yuta, a kan dala 2 kowane naɗi, kada ya buɗe. Sharaɗina bai karye ba, daga banki suke kuma a kan farashinsu. Tafiyarsa ta farko a mako na biyu na Janairu ce, in Allah ya kai mu.